Jakar Goyo Mai Lita Saba'in

Kafin ku fara yi mini dariya, ku bari in faɗi laifina da bakina: ni ma na yi ƙarya a wannan magana, kuma ba wanda ya sa ni. Wata biyu da suka wuce ina zaune a shagon buga kati inda nake aiki, ina gyara katin auren wata yarinya da na girma da shekara bakwai, sai saƙon mutumin da ke nemana ya shigo wayata. Hoto ne. Yana tsaye a kan wani falalen dutse, da ƙatuwar jakar goyo baƙa a bayansa, ya sa hula mai faɗin baki, ya dafa gwiwa yana kallon nesa kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Kina sha'awar hawan dutse kuwa?"

Ni da ko bene za a aike ni sai na tambaya ko dole ne. Amma yatsuna suka riga hankalina, na rubuta: "Sosai ma. Tun ina ƙarama."

Malamin sakandare ne, labarin ƙasa yake koyarwa. A shagonmu muka haɗu, ya kawo a buga masa taswirar da zai manna a aji, ya tsaya minti arba'in yana yi mini bayanin yadda duwatsu suka samo asali. Ban riƙe ko kalma ɗaya ba, ina can ina kallon karin gugar rigarsa da yadda yake cewa "afuwan" duk lokacin da wani ya gifta. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya katse mutum in yana magana, sai dai in shi ya fara babu ranar gamawa. A wayata Mai Duwatsu na sa masa. A gida kuwa Malam ake ce masa, kuma tun ranar da ya fara sallama a ƙofarmu Umma ta daina ce mini "ke", na koma "Autata".

Shekarata ashirin da takwas, ni kaɗai na rage a ɗakin 'yan mata, gadajen yayyena biyu sun zama wurin tara wanki. Umma ba ta faɗa a kan maganar aure, ajiyar zuciya ce makaminta. In na shigo da samfurin kati sai ta karɓa, ta juya gaba, ta juya baya, ta ce hannuna ya iya na mutane, sannan ta sauke numfashin da zai iya kashe fitila. Gwaggo kuwa, ƙanwar Abba da ke bayan layinmu, ba ta san hannunka mai sanda ba. Kullum da yamma sai ta zo ta zauna a kujerar da ke kusa da fanka ta jero mini 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, kowace da adadin 'ya'yanta.

Ranar wata Laraba ina cin abinci a falo saƙo ya shigo: "Asabar ɗin nan ƙungiyarmu za ta hau dutse. Yayata za ta zo, ke ma ki taho da wani daga gida. Amma kafin nan ina so in saya miki jaka. Gobe in kin tashi daga aiki?"

Cokali ya tsaya mini a hanya. Gwaggo ta ga fuskata ta canja, ta ce in karanto. Ni kuma don neman rufin asiri sai na karanta musu layin ƙarshe kawai, na jaka. Abin nema ya samu. Gwaggo ta gyara zama ta ce namijin da ya fara da sayen jaka ya shirya sayen abin da za a zuba a ciki. Umma ta ce kada in zaɓi mafi araha ya raina ni, kada kuma in zaɓi mafi tsada ya gudu. Har launi suka yanke mini: ta fata, baƙa, mai sarƙar zinare, wadda za ta shiga da kowace sutura.

Washegari na sa abayata mai ruwan toka da mayafi ruwan hoda, na feshe jikina da turare. Muka wuce shagunan jakunkunan mata guda uku, kowanne ina rage tafiya, shi kuma yana ƙarawa. Inda ya kai ni warin roba da tamfol ke tashi. Tantuna a rataye, igiyoyi a naɗe, takalma masu haƙora a jere. Mai shagon wani siririn dattijo ne da tabarau, ya rataya tef a wuya kamar tela. Ya ce jakar goyo kamar takalmi take, kowa da lambarsa, ya miƙa wa matarsa tef ɗin ta auna bayana daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. Ta faɗi lamba, ya kaɗa kai ya ce bayana gajere ne, kuma tafiyar yini ɗaya lita ashirin da biyar ta ishe ni.

Na ce, "Lita? Mai za mu saya?"

Malam ya juyo ya dube ni. Na yi maza na ƙyalƙyale da dariya na ce wasa nake, shi ma ya yi dariya har da dafa kanta.

Jakar da dattijon ya sauko mini da ita 'yar ƙarama ce mai launin ƙasa, irin ta 'yan firamare. A can sama kuwa na hango wata ruwan hoda, sak mayafina, doguwa, da aljifai ta ko'ina da igiyoyi suna reto. Nan take na ga kaina a hoto. Na nuna ta. Dattijon ya ce wannan lita saba'in ce, ta masu kwana bakwai a daji ce. Na ce ai ni da manya na saba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "'Yata, duk gurbin da kika bari a jaka, sai wani ya cika miki shi."

Duk da haka ya sauko da ita, ya zuba 'yan buhunan yashi a ciki don in gwada. Ya nuna mini faffaɗan bel ɗin da ke ƙasa, ya ce shi ne gaba da komai, nauyi a ƙugu yake zama ba a kafaɗa ba. Na ɗaura na dubi madubi, na ga ya tattare mini abaya ya raba ni gida biyu kamar buhun da aka ƙulle a tsakiya. Na kwance shi a take. Malam kuma ya buɗe aji a tsakiyar shago: marar nauyi a ƙasa, mai nauyi ya jingina da baya, ruwa inda hannu zai kai, rigar ruwa a aljihun sama. Har dattijon sai da ya ce Malam ya fi shi sanin kayan shagonsa. Da aka zo kan zaɓina na zaci Malam zai hana ni, sai na ji ya ce, "A ba ta. Ƙwararru sun san abin da suke so." Na ɗaga kai kamar gaske.

Da na shiga gida da ita a baya, sai da na sunkuya kafin na wuce labulen falo. Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaya ko gudun hijira za mu yi. Dole na fito da sauran saƙon. Na zaci Umma za ta ce ba inda za ni, amma tana jin "yayarsa za ta zo" idonta ya buɗe. Ta ce wannan ba hawan dutse ba ne, duba ni za a yi, kuma ba za a ce 'yarta ta fito daga gidan da babu komai ba.

Ranar Juma'a da yamma aka shimfiɗa jakar a tsakiyar falo, aka zuge kowane zif. Ku saurara ku ji abin da ya shiga. Kula biyu, ɗaya shinkafa ɗaya kaza. Babban filas ɗin shayi na baƙi. Kofunan tangaran shida da farantansu, don Umma ta ce na roba na gidan da ba a san darajar baƙo ba ne. Abaya biyu ta canji, takalmi mai tsini saboda hoto, madubi, jakar kwalliya, tawul, lema, ƙaramin kafet na zama. Yadi mai nauyi da za a ba yayar Malam, da kwalbar zuma daga Gwaggo. Na ce Malam ya ce mai nauyi a jikin baya ake sa shi. Gwaggo ta ce Malam bai taɓa dafa miya ba, abinci a sama yake zama kada ya zube. Ruwa kuwa gora ɗaya ƙarama ta samu shiga, ita ma da ƙyar. Su biyu suka kama suka ɗaga, Umma ta ce ai ba nauyi.

Wanda aka haɗa ni da shi Yaya Babba ne, babban yayanmu, ma'aikacin ofis mai tumbi, wanda ya kwana biyu yana ba mu labarin gudun da ya yi a makaranta shekara ashirin da suka wuce. Ranar Asabar da sassafe ya fito da farar riga da takalmi sau-ciki, makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗaya.

Mutum goma sha biyu muka tarar a gindin dutsen. Malam ya yi kyau har na manta da abin da ke jirana: baƙar jakarsa a cike tam, da ƙugiyoyi da bututun shan ruwa a kafaɗa. Ya gabatar da ni ga yayarsa. Anti Nas kowa ke ce mata, don ta yi shekara talatin tana aikin jinya. Gajeriya ce, ta haura hamsin, da doguwar riga a kan wandon motsa jiki, sanda a hannu, da wata koɗaɗɗiyar jaka da ba ta kai girman filon kujera ba. Na durƙusa in gaishe ta, jakar ta nemi kifa ni da ka. Ta amsa gaisuwata, ta zagaya bayana ta dawo, ta ce, "Kwana nawa aka ce miki za mu yi?"

Minti goma na farko na yi su da murmushi. Daga nan igiyoyin kafaɗa suka fara yanka ni kamar zare a kan sabulu. Jakar tana ja na baya, ni ina tura kaina gaba, bel ɗin da na ƙi ɗaurawa yana dukan cinyoyina. Kowane taku sai kofunan Umma sun yi ƙaras-ƙaras, har wani daga cikin 'yan ƙungiya ya waiwayo yana neman mai shayi. Gumi ya wanke hodar da na yi rabin awa ina shafawa, ya gangaro da ita kan mayafi. Yaya Babba kuwa a bishiya ta farko ya kara waya a kunne, ya ce daga ofis ne, a sama babu sabis, mu yi gaba zai tarar da mu. Wayar ko haske ba ta yi ba.

Malam yana gefena, duk taku ashirin sai ya tsaya ya ɗauki tsakuwa ya yi mini bayanin shekarunta. A raina na ce Allah sarki, ya gane na gaji, yana rufa mini asiri ne. Har na ji sonsa ya ƙaru.

Sai muka iso wani falale mai faɗi da 'yar bishiya a gefe. Ina ganinsa na gane shi: na cikin hoton nan ne. Na waiwaya, ga motocinmu can ƙasa, har farar rigar Yaya ina gani sarai. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na dutsen ba mu yi ba. Malam ya ce mu huta a nan, nan ne ya fi ko'ina kyan kallo. Wata mata a cikin ƙungiyar ta yi dariya ta ce Malam ya iso ofishinsa. Wani ya ce a riƙe musu inuwa kafin su dawo. Ban fahimta ba, ban ma da ƙarfin fahimta. Ni dai na ji kalmar hutu, na juya zan zauna.

Jakar ta riga ni. Ta fisge ni baya, na tafi gaba ɗaya, sai ga ni kwance a kanta, ƙafafu a sama, hannaye suna kaɗawa kamar kunkurun da aka birkice. Na ji kofi ya fashe a ƙarƙashina, na ji ɗumin miya yana bin wuyana. Na yunƙura sau uku na kasa tashi. Mutum goma sha biyu suna tsaye a kaina, kowa yana cije leɓe.

Anti Nas ce ta zare mini igiyoyin ta zaunar da ni. Ta gwada ɗaga jakar da hannu ɗaya, ta ajiye, ta dubi ƙanenta ta ce su yi musaya, ya ɗauki tawa ya ba ni tasa. Malam ya fara cewa ai kowace jaka da bayan da aka auna mata, kuma masana sun ce canja jaka a tsakiyar tafiya yana da illa. Ba ta jira ya kai aya ba. Ta kama hannun jakarsa ta zare ta daga bayansa, ta miƙo mini. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage na karɓa da hannu biyu, sai ta tashi sama kamar balan-balan, saura kaɗan in sake faɗuwa.

Ban san lokacin da na zuge zif ɗin ba. Filo ne guda biyu a ciki, masu riga mai furanni. Sai littafi ɗaya, da biskit.

'Yan ƙungiya suka fara sulalewa gaba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga abin kallo a wani gefen. Malam ya cire hularsa ya zauna a bakin falalen, nesa da ni kaɗan, yana murza ta a hannu. Da ya yi magana ba muryar aji ba ce. Ya ce shekararsa uku a ƙungiyar, shi ne ma sakatare, amma bai taɓa wuce wannan falalen ba. Daga nan hanya take tsukewa, gefe ɗaya rami ne, in ya kalle shi sai ya kasa ɗaga ƙafa. Shekara goma yana zana wa yara duwatsu a allo, wata rana wata ɗaliba ta tambaye shi wanne ya taɓa hawa, alhali ko ɗaya bai taɓa hawa ba, shi ne ya shiga ƙungiya. Filon kuma na jingina ne, don jiran yana da tsawo.

Ya ce, "Da kika ce tun kina ƙarama kike hawa, sai na ce to, in kina gaba, kunya za ta ja ni in wuce."

Ina da niyyar in ɗaure fuska in ce ya yaudare ni, har na shirya kalmomin. Sai na ji miya tana ɗiga daga mayafina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce, "Malam, ni ko kan tebur ban taɓa hawa ba." Ina faɗa kuka ya ƙwace mini, da dariya a haɗe, har majina. Shi ma ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Anti Nas ba ta da lokacin wannan. Ta jawo jakata ta zazzage ta a kan falalen. Kuloli, filas, faranti, madubi, lema, komai ya baje a rana. Ta ɗaga takalmi mai tsini da yatsa biyu ta dube shi, ta ajiye, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kira 'yan ƙungiya suka dawo, aka ci rabin shinkafar a tsaye. Sannan ta sake shirya jakar: tawul da abaya ɗaya a ƙasa, gorar ruwa biyu da ta karɓo daga wajen mutane a jikin baya, biskit ɗin Malam a aljihun gefe. Ta rage tsawon bayan jakar zuwa ƙarshensa, ta ja igiyoyin gefe har ta tsuke ta koma siririya. Ta goya mini, ta kama bel ɗin nan ta ɗora shi daidai kan ƙashin ƙuguna ta ja shi sosai, ta maƙala na ƙirji, ta ja wasu ƙanana biyu a saman kafaɗa. Abaya ta tattare, na koma buhun da aka ƙulle, amma kafaɗuna suka sake kamar an sauke mini wani mutum.

Ta ce, "Za ki hau, ko za ki zauna gadin kofuna da Malaminki?"

Har yau ban san wa ya amsa da bakina ba. Na ji dai an ce, "Zan hau, Anti."

Hanyar kamar yadda ya faɗa take, siririya, rami a hagu. Anti Nas tana gaba tana ce mini in rage tsawon taku, in kalli inda zan sa ƙafa ba inda zan faɗa ba, in kurɓi ruwa tun kafin ƙishi ya kama ni. Sau biyu na yi rarrafe. Sau ɗaya na rungume wani dutse na ce a bar ni a nan a gaya wa Umma ta yafe mini. Ta tsaya tana jirana tana cin gyaɗa, ba lallashi ba faɗa, har na gaji da kaina na tashi. Awa biyu muka yi.

A saman, iska ce ta fara tarbata, ta shiga ta ƙarƙashin mayafi ta busar da gumin wuyana. Gari ya koma kamar taswirar da nake bugawa a shago, motoci kamar tururuwa. Na zauna na miƙe ƙafafu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gama da ita: ban taɓa jin abin da na ji a wurin nan ba. Ba mai kirana, ba mai lissafa mini shekaru, ba mai tambayata yaushe. Kuma ƙafafuna ne suka kawo ni, ba na kowa ba.

Anti Nas ta zauna kusa da ni ta miƙo mini gyaɗa. Ta ce ita sai da ta kai arba'in da biyar ta fara, bayan rasuwar mijinta, lokacin da gidan ya yi mata faɗi. Ta ce ƙanenta matsoraci ne a kan tsayi, surutu kuma kamar rediyo, amma shi ya yi jinyar mahaifiyarsu shekara biyu bai taɓa ɗaga murya ba. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ƙaryarsa filo ce, ba ta da nauyi. Taki kuwa har da faranti." Na sunkuyar da kai. Na tambaye ta me za ta faɗa a gida game da ni. Ta ce za ta ce na faɗi, na tashi.

Da muka sauko falalen mun tarar Malam ya ɗauraye kofuna da sauran shayi ya jera su a rana, ya tattara gutsattsarin wanda ya fashe a hankicinsa, ya ninke abayata. Yaya Babba kuwa ashe labarin kaza ya kai masa har gindin bishiya, ya samu ƙarfin hawowa, yana kwance a kan kafet ɗin Umma da filo ɗaya a ƙarƙashin kai, ƙasusuwa a gefensa. Malam ya zuba kayan nauyin duka a jakarsa ya goya, ya riƙe takalmina mai tsini a hannu. Yana gaba yana haki har ƙasa, kofuna suna ƙara a bayansa, bai ɗauki tsakuwa ko ɗaya ba. A wurin motoci ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce Allah huta gajiya, ya juya.

Bayan magariba ina zaune a falo, ƙafafuna cikin bahon ruwan ɗumi, kafaɗuna sun yi jan layi biyu. Gwaggo ta ƙi tafiya gida. Ta tambaya ko yayar ta yaba yadin, ko ta ga kofunan, ko an sha zumar. Umma ta ƙirga kofuna ta samu biyar, ta buɗe baki, sai ta fasa, ta ce in dai an dace ba komai. Yaya Babba yana daga ƙofa yana ba Abba labarin irin sanyin da ake yi a saman dutse.

Wayata ta yi ƙara. Mai Duwatsu.

"Yau kin ga iyakata, ba ni da sauran abin ɓoyewa. In har yanzu kina iya kallona ba tare da dariya ba, ko ma da dariyar, iyayena suna son zuwa su gana da naki ranar Asabar mai zuwa."

Na karanta sau biyu. Ashe ba ni kaɗai nake karantawa ba. Umma, wadda kullum take cewa ba ta ganin rubutun waya sai da tabarau, tana tsaye a bayan kujerata, ta riga ni kaiwa ƙarshe. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki, Gwaggo ta bi ta da mayafi a hannu, na fara jin ana kiran yayyena ɗaya bayan ɗaya, ana cewa kowa ya ajiye abin da yake yi ranar Asabar, a canja labulen falo, a ɗinka wa Auta sabuwar riga.

Wayar ta sake ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Anti Nas ce. Na ji an sa Asabar. Ni dai Asabar ina hanya, dutsen da za mu hau ya ninka na yau sau biyu, kwana biyu za mu yi, mata shida, saura wurin mutum ɗaya. Wannan karon jakarki ta yi daidai, amma ke za ki shirya ta da hannunki. Wanda ya yi shekara uku yana jira a kan falale zai iya jiran mako guda."

Ruwan bahon ya huce ina zaune ina kallon saƙonnin biyu. Shi na fara ba amsa. Na rubuta: "Na yarda, Malam, da dariyar da komai. Amma ba wannan Asabar ba." Ita kuma na tura mata kalma biyu: "Ina ciki."

Na ɗago kai ke nan Umma ta fito daga ɗaki, fuskarta tana walƙiya kamar wadda aka rage wa shekara goma, waya a kunne, tana cewa wadda ke kan layi ta riƙe. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Autata, ƙarfe nawa za su zo?"

Na fitar da ƙafafuna daga ruwan a hankali, na share su da tawul, na ce, "Umma, ki ɗan zauna tukuna."